Ta Isa Gidan Babayo

Assalamu alaikum. Yau ba doguwar gaisuwa, ku yi mini afuwa. Waɗanda suka saba karanta ni sun san ni ba mai hayaniya ba ce. To yau raina a ɓace yake, kuma ba na son kowa ya rubuto mini "ki yi haƙuri" a ƙasa. Haƙurin na sha shi har ya fara fita mini ta hanci.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni: sunana Mas'uda, shekarata ashirin da tara, a Azare nake, a gidan Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe mu tun rasuwar Abba. Ina aji uku na firamare aka cire ni aka kai ni garin Katagum jinyar Dada, kakarmu, da idonta ya tafi. Shekara goma sha ɗaya ina jan sandarta. A wurinta na koyi sauraro. Dada takan gane wanda ya shigo gida daga jan takalminsa, ta gane tuwo ya kusa kamawa daga canjin kukan tukunya. Takan ce, "Mai ido kallo kawai yake yi. Ke ki dinga ji."

Da ta rasu na dawo Azare, budurwa 'yar shekara ashirin da ba ta iya rubuta wasiƙa ba. Na shiga ajin manya, na zauna benci ɗaya da matan da suka yi jika da ni. Daga nan na zauna da yaran da na girme wa nesa ba kusa ba, suna kirana Anti suna dariya a bayan littafi. A haka har na ɗauko difloma. Ku riƙe wannan a ranku, don ku gane abin da aka so a ƙwace mini.

Aikina ba wani babba ba ne a idon mutane. Wata ƙungiya ce ta ɗauke ni ina shigar da bayanan awon ciki da na rigakafin yara a kwamfuta. Litinin da Juma'a ina ofis a Azare, Laraba ina garin Yana, Talata da Alhamis ina Chinade. Laftof ɗin ofis tana rataye a bayana kamar goyo.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a aikin nan shi ne saiti. Kowane wuri da irin nasa. A ofis sai na shigar da wasu lambobi masu ɗigo-ɗigo da hannu kafin kwamfutar ta ga firinta da babbar na'urar da muke zuba bayanai. A Yana dole in goge su in bar ta ta nema da kanta. A Chinade wasu lambobin ne daban. A gida kuwa da wayata nake jona ta. Duk na rubuta su a bangon littafina, har bangon ya yi laushi. Kullum sai na ɓata rabin awa, ga mata masu ciki a jere a kan benci suna fifita da katin awo suna harara ta. Ranar da na sa takwas a gurbin uku, wuni guda bayanai ba su tafi ba. Oganmu ya ce a gaban kowa, "Matsalar karatun girma ke nan." Na haɗiye.

A haka na faɗa shagon Abdulhakeem, mai gyaran kwamfuta a kusa da tasha. Dogo ne, mai farin gilashi, shaddarsa kullum a goge kamar zai je ɗaurin aure, muryarsa a ƙasa-ƙasa. Ya kalli bangon littafina ya girgiza kai.

"Ke kike yi wa na'ura bauta? Ai ita ya kamata ta yi miki."

Kwana biyu kwamfutar ta yi a wurinsa. Da na je karɓa ya ce, "Kin ga, kowane waifai da sunansa, kamar yadda kowane gida yake da mai shi. Na rubuta mata ɗan umarni. In ta ji sunan na ofis, ta sa kayan ofis. In ta ji na Yana, ta tuɓe ta sa na Yana. Kamar mace da mayafin biki da na kasuwa. Ke dai buɗe ta kawai, ita ta san inda take."

Ya nuna mini wata 'yar jaka a cikin kwamfutar mai sunana a jiki. "Nan abin yake. Kar ki taɓa, ya fi ƙarfin idonki."

Wallahi washegari a Chinade da na buɗe ta na ga ta jona da kanta, sai da ƙwalla ta zo mini. Ban taɓa samun wanda ya ɗauke mini wani nauyi ba tare da na roƙa ba. Ku 'yan mata kun san sauran. Saƙon safe: "Gimbiyar Chinade, an karya kuwa?" Saƙon yamma: "Hanya ta yi kyau?" Wata biyar ya turo manyansa. Akwatin sa rana, ruwan zuma mai taya huɗu, yana kan durowar Inna, mahaifiyata, ta lulluɓe shi da zanin gado don ƙura.

Har Hamma Uzairu ya sauko. Hamma yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, mai sayar da kayan babur, kuma tun ranar farko ba ya ƙaunar aikin nan. "Mace a bayan babur daga gari zuwa gari kamar mai tallan maganin basir," haka yake cewa. Amma tun zuwan Abdulhakeem sai ya koma kirana. Ina buɗe kwamfuta a Yana, wayata za ta yi ƙara: "Kin isa lafiya ko?" Har na ce wa Inna, "Kin ga Hamma ya fara sona." Ta ce dama jini ba ya ƙarya.

To, ranar Litinin ɗin nan.

Na taso ofis bayan la'asar, an ɗan yi yayyafi, gefen atamfata ruwan ganye duk ya jiƙe, hijabina mai ruwan toka ya manne mini a wuya. Ina sa ƙafa a zaure na ga takalma ƙafa uku a jere. Baffa yana kan buzunsa da carbi. Hamma ya jingina da bango ya harɗe hannu. Abdulhakeem yana durƙushe a gefe, kansa a ƙasa, kamar wanda ya zo ta'aziyya. A bayan ƙyauren cikin gida kuwa na ji numfashin Inna. Na san numfashinta.

Baffa ya ce, "Mas'uda, zauna."

Na zauna a bakin tabarma, jakar tana bayana.

"Talatar da ta wuce ina kika je?"

"Chinade, Baffa."

"Alhamis fa?"

"Chinade."

Hamma ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Baffa ya turo mini wata farar takarda da yatsa ɗaya, kamar mai tura abin ƙazanta. Na ɗauka. Layi-layi ne, an buga da firinta.

Ta isa: Ofis. Litinin, 8:20.
Ta isa: Gidan Babayo. Talata, 9:05.
Ta isa: Yana. Laraba, 9:40.
Ta isa: Gidan Babayo. Alhamis, 8:55.

Haka har mako uku. Gidan Babayo sau shida. Chinade ko sau ɗaya.

Babayo mai kemis ne a bayan kasuwa nan Azare, mijin Lauratu, malamar asibitin da nake aiki da ita a Chinade. Hamma ya ce, "Kowa a garin nan ya san matarsa a Chinade take wuni. Gida ba kowa sai shi. Sai ki faɗa wa Baffa awon cikin wa kike shigarwa a can."

Ku ji wani abu. Ba ƙazafin ne ya fara dukana ba. Kalmomi biyun farko ne. Ta isa. Ta isa. Ta isa. Wa ake faɗa wa na isa? Tun yaushe? Na ji wani zafi ya taso mini daga tafin ƙafa har tsakar ka.

Na ce, "Wa ya rubuta wannan?"

Abdulhakeem ya ɗago, idonsa har da ɗan ja, don Allah ku ji munafunci. "Kwamfutarki ce, Mas'uda. Ni ma ban so na gani ba. Amma na'ura ba ta ƙarya."

"Wa take faɗa wa?"

Ya gyara gilashi. "Don lafiyarki na sa. Hanyoyin nan ba tabbas. Duk inda kika buɗe ta, sai ɗan saƙo ya shigo mini, hankalina ya kwanta."

"Wata nawa?"

"Wannan ba shi ne..."

"Wata nawa, Abdulhakeem?"

"Tun ranar da na gyara ta."

Tun ranar. Tun kafin ya ce yana sona. Tun ina ce masa Malam. Ashe ranar da nake share ƙwalla a Chinade don an ɗauke mini nauyi, ƙararrawa aka ɗaura mini a wuya irin ta akuya.

Hamma ya daka mini tsawa. "Ke ake tambaya, kina tambayar mutane! Baffa, na faɗa tun farko. Karatun da aka yi shi da girma, ido kawai yake buɗewa."

A take na tuna wani abu da zai iya wanke ni. Bakina har ya buɗe. Sai na rufe shi. Na san zauren nan. In na yi magana, bakin mace ne a gefe ɗaya, takarda mai lambobi a gefe ɗaya. Hamma zai ce na haɗa baki da Lauratu, Abdulhakeem zai zubo Turanci, Baffa zai bi wanda ya fi kama da mai ilmi. Kuma gaskiya ni kaina ban gama tabbatar da yadda abin yake aiki ba. Dada takan ce kar ka jefa guga sai ka ji zurfin rijiya.

Baffa ya ajiye carbi. "Ban ce kin yi ba, ban ce ba ki yi ba. Amma sunan gidan nan ba zai dinga yawo a bakin 'yan tasha ba. Daga yau aikin nan ya ƙare. Ki mayar musu da kayansu."

Shekara tara ina rarrafe kafin in kai ga jakar nan da ke bayana. Da takarda ɗaya za a sauke mini ita.

Na ce, "Baffa, alfarma ɗaya. Ka bar ni in je Chinade gobe. Bayan la'asar a sake zama a nan, da mutanen nan, da wayoyinsu. In ban wanke kaina ba, da hannuna zan kai kwamfutar ofis."

Hamma ya ce, "Za ta je ta shirya ƙarya ne."

Baffa ya daɗe yana kallona. Shi mutum ne mai tsauri, amma ba ya yanka ba bisimilla. Ya ce, "Gobe bayan la'asar."

A cikin gida Inna ta biyo ni har ɗaki, tana murza bakin zaninta. "Mas'uda, ki rufa mana asiri. Ki ba yaron nan haƙuri kawai. Shekararki ashirin da tara fa. Sa'o'inki suna aurar da ƙanne, wasu har 'ya'ya. In wannan ya tafi, wa zai zo?"

"Inna, kin yarda na je gidan Babayo?"

"Ni ban ce ba. Amma aiki ai ba miji ba ne."

Wayata ta yi haske a kan katifa. Abdulhakeem ne.

"Ni na yafe miki tun kafin ki roƙa. In kin bar aikin, maganar ta mutu, ba mai sake tayar da ita. Har yanzu ke ce gimbiyata."

Ya yafe mini! Jama'a, ya yafe mini! Na kifa wayar na danne ta da filo kamar mai kashe kunama.

Washegari na sa baƙar abaya da ɗankwali ja, ban shafa ko hoda ba. Babur ya ɗauke ni, gero ya yi kore shar hagu da dama, ban ga kyansa ba. Ina isa asibitin Chinade na tarar da Lauratu tana ɗaura wa wata mata abin awon jini. Lauratu gajera ce mai jiki, bakinta ba ya da murfi. Na jira ta sallami matar, na ja ta ɗakin magani na miƙa mata takardar.

Ta karanta. Ta sake karantawa. Sai ta zauna a kan kwalin allurai ta riƙe ciki.

"Babayo? Babayo nawa? Mutumin da in mace ta zo sayen maganin mura sai ya kalli silin yana ba ta? Wayyo cikina! Mas'uda, da ma ya iya, ai da na yi masa walima!"

"Adda Lauratu, ba abin dariya ba ne. Aikina za a raba ni da shi."

Nan take fuskarta ta canja. "Wane ɗan iskan ne ya buga wannan?"

"Ina maifai ɗinki?"

Ta zuge jaka ta ciro shi daga tsakanin goro da man shafawa. Wata 'yar na'ura ce fara, ba ta kai sabulun wanka girma ba, irin wadda ake sa wa layin waya ta dinga ba da waifai duk inda aka kai ta. Mako uku da suka wuce aka yi wata tsawa da ta ƙona na'urar waifai ta asibitin. Tun ranar Lauratu take zuwa da wannan daga gida don kar aiki ya tsaya. Mijinta ne ya saya don gidansu, shi ya raɗa masa suna Gidan Babayo. Sau ɗaya na ga sunan, ranar da ta sa mini lambar sirri, ban ƙara kula ba, tunda kwamfutar da kanta take jonawa.

Na ce, "Kar ki kunna shi."

Na buɗe kwamfutar ba intanet, na nemo jakar nan mai sunana, wadda aka ce ta fi ƙarfin idona. Turanci ne da alamomi birjik. Na ji ni kamar ranar farko a ajin manya. Sai na yi abin da na yi a ranar: na ɗora yatsa a layin farko na fara bi ɗaya bayan ɗaya.

Ashe ba aljanu ba ne. Ga Ofis, a ƙarƙashinsa ga lambobin da na haddace daga bangon littafina. Ga Yana. Ga Chinade, da sunan tsohon waifai ɗin da tsawa ta kashe. Ga Gida. Wurare huɗu ya koya mata, ba ƙari. A ƙasa wani layi, Lauratu ta taya ni fassara shi: in ta ji sunan da ba ta sani ba, ta nemi saiti da kanta, ta ɗauki sunan yadda ta same shi. Ashe kwamfutar ba ta san gari ba, ba ta san gida ba. Suna kawai take ji. Da za ka raɗa wa waifai ɗinka Makka, sai ta ce na sauke farali.

A can ƙarshe kuma ga layi biyu, kowanne da "Ta isa" da lambar waya. Ta farko na san ta kamar sunana. Ta biyun ban taɓa ganin ta ba. Na ce a raina, wato har layi biyu ya ware mini, kar ɗaya ya rasa sabis in ɓace masa.

Lauratu ta ɗaura ɗamara da gyalenta. "Tashi mu tafi tare. Yau sai na wanke shi tas, shi da gilashinsa."

"A'a, Adda. In kin zo za su ce ƙawata ce. Sun ce na'ura ba ta ƙarya. To ita za ta yi magana. Ara mini maifai ɗin kawai."

A ranar nan, da hannu na rubuta bayanan mata ashirin da shida a littafi, ban bari kwamfutar ta shaƙi intanet ba.

Bayan la'asar zaure ya cika kamar jiya. Baffa a buzu. Hamma a jikin bango, da jamfa ruwan ƙasa mai aljihu biyu. Abdulhakeem ya sake shadda, fara ƙal, har da turare, ina jin ya zo karɓar tuba ne. Inna a bayan ƙyaure.

Na zauna, na ajiye kwamfutar a gaban Baffa. Na ce, "Baffa, yanzu ina nake?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Don Allah dai."

"Kina zaurena."

"Abdulhakeem, ajiye wayarka a nan tsakiya, inda kowa zai gani."

Ya yi murmushin tausayi, irin wanda ake yi wa mara lafiya, ya ajiye. Na sa hannu a jakata na danna maɓallin maifai, ban fito da shi ba. Na buɗe kwamfutar.

Ƙilin!

Wayarsa ta yi haske a kan tabarma. Baffa ya ce, "Karanta mana."

Ya ɗauka. Ya ƙura mata ido. Ya cire gilashin ya mayar.

"Malam Abdulhakeem, kai muke jira."

Da wata 'yar siririyar murya ya ce, "Ta isa... Gidan Babayo. Talata, huɗu da minti arba'in."

Baffa ya ɗaga kai ya kalli azarar zaurensa, ya kalli bango, ya kalli ƙofa. "Ikon Allah. Ashe Babayo ya saye gidana ban sani ba."

Na ciro maifai na ajiye kusa da wayar. "Ga gidan Babayo, Baffa. A jakar matarsa yake kwana, a Chinade yake wuni, tun da tsawa ta ƙona na asibiti. Sau shidan nan duk ina gefen Lauratu."

Amma ni a lokacin hankalina ya rabu biyu. Don sa'ad da wayar Abdulhakeem ta yi ƙara, na ji wani abu daban a ƙarƙashin ƙarar. Ɗan gurnani, gajere, irin na wayar da aka kashe wa murya tana rawa a jikin yadi. Ba wanda ya ji. Ni na ji. Sai dai ban tantance ta ina ya fito ba.

Na ce, "Baffa, shaida biyu ta fi ɗaya. Bari a maimaita."

Na kashe maifai, na ƙirga goma a raina, na kunna. Wannan karon ban kalli tabarma ba. Na rufe idona kamar Dada.

Ƙilin! a tsakiyar zaure.

Zzz, zzz, daga jikin bango, hannun hagu.

Na buɗe ido. Ban kalli wajen ba tukuna. Abu ɗaya-ɗaya ake yi.

Abdulhakeem ya fara in-ina. "Baffa, kuskure ne na saiti. Ban yi tunanin waifai mai yawo ba. Kowa yana iya..."

Na katse shi, ni da ban taɓa katse babba ko yaro ba. "Kai da ka rubuta abin da hannunka, mako uku kana ganin sunan nan, ba ka ɗaga waya ka ce Mas'uda mene ne wannan ba. Kullum kana turo mini gimbiya an karya kuwa, kana tara takarda. Ka san Lauratu. Ka san shagon Babayo, taku nawa ne daga naka? Ba ka tambaya ba don ba amsa kake so ba. So kake a zaunar da ni, ka samu igiya."

"Mas'uda, wallahi so ne ya..."

"Kar ka sa Allah a ciki. So ba ya laɓe." Na juya ga Baffa. "Baffa, ban taɓa yi maka musu ba. Ka ce Katagum, na tafi Katagum. Yau ina roƙo a sauke akwatin nan daga kan durowar Inna a mayar masa. Wanda ya sa mini ƙararrawa tun ina ce masa Malam, in na shiga gidansa me zai sa mini?"

A bayan ƙyaure Inna ta ce, "Innalillahi," a hankali.

Abdulhakeem ya miƙo hannu wajen kwamfutar. "Bari in cire abin, minti ɗaya ne."

Na janye ta. "Layi biyu ne a ƙasa, na gan su. Ni zan goge. Sauran zan bar shi, don yana yi mini amfani, har in ƙara mata sabon Chinade. Mai karatun girma ma ta iya wannan."

Baffa ya ja carbinsa sau uku ko huɗu. Sannan ya ce, "Malam Abdulhakeem, tashi ka je. Manyanka za su ji daga gare ni." Ya jira har ƙarar takalminsa ta ɓace a waje. Ya dube ni. "Gobe Laraba. Yana ko?"

"Yana, Baffa."

"Ki je aikinki."

Na sunkuyar da kai. Da a nan abin ya tsaya, da yanzu barka nake karɓa a wurinku.

Hamma ya ɗago daga jikin bango yana karkaɗe jamfa. "To alhamdulillahi, gaskiya ta fito. Dama ni yaron nan bai kwanta mini ba. Bari in leƙa shago."

Sai kiran da yake yi mini ya dawo mini a kunne. Kin isa lafiya ko? Kin isa lafiya ko? Wata da watanni, daidai lokacin da nake buɗe kwamfuta. Ni kuma har ina yi wa Inna albishir an fara sona.

Na ce, "Hamma."

Ya tsaya, ƙafa ɗaya a cikin takalmi.

"Lamba biyu na gani a cikin abin nan. Ɗaya ta fita yanzu da farar shadda." Na ɗora yatsa a kan maɓallin maifai. "Wayar da ke aljihunka na hagu sau biyu tana motsi tun ɗazu. Ba za ka duba ba, ko in sake kunnawa a ji na uku?"

Hannunsa ya kai kan aljihun da kansa, ya dafe shi.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ajiye carbin a kan buzu, ya miƙa tafin hannunsa.

"Uzairu. Kawo."